Garin da Hammawa Bai Yarda da Shi Ba

Hammawa mutumin Unguwar Maiturare ne, wani ƙauye da yake cikin kwari a ƙasar Karaye, rabinsa Fulani masu shanu da ɗan noma, rabinsa manoman dawa da gyaɗa. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana. Da kiwo ya tashi, amma bayan ya yi aure sai ya shiga rakiyar shanu. Fatake kan ɗauke shi ya hau bayan babbar mota tare da dabbobin zuwa Kudu, aikinsa shi ne duk saniyar da ta kwanta a hanya ya tayar da ita kada 'yan'uwanta su tattake ta.

Matarsa Jamilatu kuwa kowa ya san muryarta. In ta fara faɗa har gida na uku ana ji, kuma yawanci da Hammawa take yi: ya bar igiya a bakin ƙofa, ya dawo bai sayo gishiri ba, ya ba wani aron fartanya bai tambaye ta ba. Shi sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Suna da 'ya ɗaya, Adama. Mahaifiyarsa, wadda duk ƙauyen ke kira Inna, tana gidan tare da su.

Bayan girbin 1990 ya bi wata mota, motar ta faɗi a wata gangara can Kudu. Direba ya rasu nan take. Hammawa ya bugu a ka, aka kai shi asibiti babu wanda ya san ko wane ne, kuma da ya farfaɗo bakinsa ya ƙi buɗewa. A gida aka yi ta nema har aka gaji. Sai da aka shekara har da watanni sannan wani falke mutumin Rogo, ana kiransa Gwadabe, ya shiga asibitin duba wani, ya gan shi zaune a baranda, ya gane shi.

A tsakanin nan abubuwa da yawa sun faru. Aikin dam ya iso, an tashi ƙauyen daga kwari an mai da shi kan tudu, aka bar masa sunansa. Inna ta rasu kafin a tashi, aka binne ta a tsohuwar maƙabarta, wadda yanzu ruwa ya rufe. Shanun Hammawa kuma sun tafi wajen nemansa da wajen gina sabon gida.

Da labari ya zo cewa yana raye, ƙanwar mahaifinsa, Goggo, ta tara mutanen gidan da maƙwabta. Tsohuwa ce da ba a musu da ita. Ta ce Gwadabe ya kawo saƙon likita, kan yaron nan bai gama warkewa ba, kada a gaya masa abin da zai tayar masa da hankali.

Ta ce, "In ya tambayi uwarsa, ta je ganin dangi, tana nan tafe. In ya tambayi shanu, suna mashekari, can wajen kiwo. Ke kuma Jamilatu, bakin nan naki ki ɗaure shi. Duk abin da ya ce, ki ce to."

Ranar da aka sauke shi daga mota, ya tsaya da sandarsa yana kallon layukan gidaje a jere, kowanne da kwanon rufi iri ɗaya. Maganarsa ta dawo, amma a hankali take fita.

"Nan ina ne?"

Ƙaninsa Shitu ya ce, "Gida ne, Hamma. Unguwar Maiturare."

An gaya masa zancen dam tun a hanya, kuma ya ce ya ji. Amma ji daban, gani daban. Ga gidajen maƙwabtansa, na Audu kusa da na Sulle kamar dā, ga masallaci, ga fuskokin da ya sani, amma babu tsamiyar da ake zama a gindinta, babu tsohuwar rijiya, rana kuma tana faɗuwa ta bayan ɗakinsa alhali ta gabansa ya saba ganin ta faɗi. Jamilatu ta durƙusa ta gaishe shi da wata siririyar murya da bai taɓa jin ta da ita ba. Adama, wadda ya bari tana rarrafe, ta leƙo daga bayan zanen uwarta tana magana, ta ƙi zuwa wurinsa.

Ya tambayi Inna. Goggo ta ce ta je ganin dangi, tana nan tafe. Washegari ya tambayi Audu, Audu ya ce ta je ganin dangi, tana nan tafe. Ya tambayi wata yarinya mai tallar ƙuli-ƙuli, ita ma kalmomin ke nan, ba ragi ba ƙari. In ya doshi majalisa sai hira ta mutu, kowa ya shiga yi masa murmushi. Ya zubar da furar da Jamilatu ta dama, da gangan, ya zuba mata ido. Ta ce, "Ba komai, Malam," ta ɗauko tsintsiya.

Wata ranar kasuwa Shitu ya ce bari ya kai shi Karaye ya ɗan sake. Suka hau babur suka tafi. Bayan la'asar Shitu ya ja shi gidan kallon Ɗanmaliki, wani ɗakin langa-langa a bayan tasha, an toshe tagoginsa da buhu, an jera benci, ga talabijin da bidiyo a kan tebur, inji yana ruri a waje. Ɗanmaliki ya ɗan taɓa sakandare, saboda haka shi yake tsayawa a gefe yana fassara wa mutane. Inda Turancin ya fi ƙarfinsa sai ya cike da nasa.

Hammawa bai taɓa shiga irin wurin ba. Fim ɗin ranar na Turawa ne. An nuna wani mutum da aka tsinto a sume, aka kwantar da shi a wani farin ɗaki, aka lilliƙa masa wayoyi a ka. Sai ga shi ya farka a garinsu, matarsa tana ba shi abinci, maƙwabta suna ɗaga masa hannu.

Ɗanmaliki ya ce, "To ku lura, jama'a. Wannan garin duk babu shi. Inji ne yake nuna masa. Shi yana can kwance, ga shi nan, kun gani? Matar nan ba matarsa ba ce, an kwaikwayo ta ne. Shi ya sa komai ya ce sai ta ce masa to."

Aka nuna wani mai farar riga ya murɗa wani abu, sai ruwan sama ya sauko a garin. Ya sake murɗawa, ruwa ya ɗauke. 'Yan kallo suka yi shewa. Ana cikin haka injin waje ya yi tari ya mutu. Hoton ya tsuke ya zama ɗigo ɗaya ya ɓace, ɗakin ya yi duhu. Da aka tayar da injin, sai ga matar ta dawo daidai inda aka bar ta, hannunta a sama riƙe da kofi, ta ci gaba da zuba shayi.

Daga bencin baya aka ji muryar Hammawa. "Ita ta san an kashe ta an kunna?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Ɗanmaliki ya ce, "Ina za ta sani, Baffa? Ai ita a ganinta ko ƙiftawa ba ta yi ba."

Can wajen ƙarshe, mutumin ya fara zargi, yana bin mutane da kallo, sai hoton ya hau rawa, layuka suka cika gilashin. Bidiyon ya tauna zaren kaset ɗin. Ɗanmaliki ya ce a yi haƙuri, dama ƙarshen a lalace ya zo daga Kano. Kowa ya watse yana tsaki. Shitu ya ce da suka fito, hannun yayansa ya yi sanyi kamar an tsamo shi daga randa, kuma har suka isa gida shafa tabon kansa yake ta yi.

Daga ranar Hammawa ya daina cin abin da aka dafa a gidan. Sai ya tafi gonar wani ya tono rogo da hannunsa ya ci ɗanye. Yana cikin tafiya sai ya juya da sauri, wai ya kama bayansa kafin a gama shirya shi. Yakan tsaya a bayan danga yana saurare ko mutane suna ci gaba da magana in ba ya nan. In an ce masa ya kwanta ya huta, sai ya ƙi, don tsoron kada ya rufe ido a kashe shi a kunna bai sani ba. Idanunsa suka faɗa, suka yi ja.

Mutane suka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu, ya karɓa ya tuttular a bayan ɗaki. Liman ya zo ya zauna da shi, ya yi masa nasiha cikin taushi, ya ce ai duniyar ma gaba ɗayanta wasa ce da ruɗi, ranar da mutum ya mutu ne yake farkawa. Liman alheri yake nufi. Hammawa ya dube shi ya ce, "Ashe kai ma ka sani."

Wata safiya Jamilatu ta dawo daga ɗiban ruwa ta tarar da shi tsugune a tsakar gida. Ya riƙe hannun Adama da hagu, ga reza a damansa. Ya riga ya yanki nasa ɗan yatsa, jini yana ɗiga a ƙasa. Yarinyar ko kuka ba ta yi, ta ƙame. Tulun ya kusa suɓuce wa Jamilatu, amma ta sauke shi a hankali.

"Malam, me za ka yi?"

"Nawa ya fito. Amma nawa ne, dole ya fito. Ina so in ga nata."

Sai ta tuna maganar Goggo. Ta yi murmushi, ta ce, "To, Malam. Bari in wanke mata hannun tukuna." Ta zare yarinyar daga hannunsa, ta fita da ita kamar ba komai, sai da ta sha kwana sannan ta zura da gudu zuwa gidan Goggo. Hammawa ya faɗa daga baya cewa murmushin nan ne ya gama tabbatar masa. Wace uwa ce za ta ga reza a kan 'yarta ta yi murmushi?

Aka bar Adama a wurin Goggo, aka kwashe wuƙaƙe da lauje daga gidan. Wasu suka ce a ɗaure shi, Shitu ya ƙi.

Ranar kasuwa ta gaba ya sulale ya taka da ƙafa har Karaye. Ya sami Ɗanmaliki yana share ɗakin kallo, ba kowa. Ɗanmaliki ya riga ya ji labari, da ya ga wanda ya tsaya a bakin ƙofa sai ya ajiye tsintsiyar.

"Mutumin nan na cikin fim ɗin, yaya ya fita?"

"Baffa, wallahi ƙarya ce. Turawa ne suka shirya don a kalla a yi nishaɗi. Ni kaina rabin abin da na faɗa daga kaina na ƙaga."

"Haka za a sa ka ce."

Ɗanmaliki ya rasa yadda zai yi. Ya ɗauko kaset ɗin, ya ɗaga murfinsa, ya zaro zaren ya miƙa masa. "Duba da idonka. Babu gari, babu mata, babu kowa. Leda ce kawai."

Hammawa ya karɓi zaren, ya ɗaga shi wajen haske, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Gari guda, da mutanensa, da ruwan samansa, duk a cikin wannan?" Ya ajiye shi a kan benci kamar mai ajiye abu mai rai, ya fita. Ɗanmaliki ya ce bai buɗe gidan kallon ba ranar.

Lokacin bazara ne, ruwan dam ya ɗan ja baya. Bayan kwana biyu, da hantsi, Hammawa ya gangara bakin ruwa ya sami wani masunci, Barau, baƙo ne da ya zo bayan an tare ruwan, bai san shi ba, bai san ciwonsa ba. Ya ce ya kai shi ya ga inda ƙauyensu yake a dā. Mutanen da aka tasa sukan roƙi haka, saboda haka Barau bai kawo komai a ransa ba.

Suka yi nisa cikin kwalekwale. Ruwan shiru, ba iska. Can sai ga rassan wata bishiya sun leƙo sama, sun bushe sun yi fari, tsuntsaye a kai. Hammawa ya ce a matsa. Ya kama wani reshe ya shafa.

"Tsamiyarmu ce. Ka ga, wannan ita ce ta gaske."

Ya leƙa cikin ruwan. Barau ya ce ya ji yana magana da Fillanci a hankali, sannan ya juyo ya ce masa da Hausa, "Gidanmu yana nan ƙasa. Inna tana ciki. Can ne ban koma ba." Kafin Barau ya gane abin da yake nufi, mutumin ya tuɓe hularsa ya ajiye, ya taka gefen jirgin ya faɗa.

Hammawa bai iya iyo ba, kuma bai yi ƙoƙarin yi ba. Barau ya bi shi. Ya ce a ƙasa duhu ne da rassa, ya yi ta lalube har numfashinsa ya kusa ƙarewa sannan hannunsa ya kama riga. Da ƙyar ya ɗago shi, ya kifa shi a jirgi, ya yi ta danna masa baya har ya amayar da ruwa.

Suna isowa gaɓa sai ga Jamilatu. Ta nemi mijinta ta rasa, ta bi sawunsa, kuma daga tudu ta hango duk abin da ya faru. Ta shigo cikin taɓo har gwiwa, ɗankwalinta ya faɗi. Barau ya zaci kuka za ta yi. Sai ta cakumi wuyan rigar Hammawa ta girgiza shi.

"Kai wane irin mutum ne? Shekara guda ina tankaɗe da hawaye, ana ce mini in yi takaba na ƙi, sai yanzu za ka kashe kanka a gaban idona? Inna kake nema? Inna ta mutu! Ta mutu tun kafin a tashe mu, a hannuna ta cika, tana kiran sunanka. Shanu kuma babu ko ɗaya, an sayar, har jar karsanar nan taka. Ƙarya muke yi maka, dukanmu, Goggo ce ta sa mu. Na gaji! Ka ɗauki reza a kan 'yata ina yi maka dariya kamar mahaukaciya. Wallahi ka sake, sai na fasa maka ragowar kan!"

Muryarta har masu wanki a ɗaya gefen suka ji. Hammawa yana zaune a cikin taɓo, ruwa yana zuba daga gemunsa, yana kallon bakinta. Da ta yi shiru don ta ja numfashi, sai ya ce, "Wa ya yi mata wanka?"

"Ni da Tani maƙwabciyarmu."

"Wa ya yi mata salla?"

"Liman. Shitu da Audu suka sa ta a kabari. Ranar Talata ce, an yi yayyafi."

Ya yi ta tambaya tana ba shi amsa a fusace, me Inna ta ci a ƙarshe, wa ya sayi karsanar, ina aka kai turmin gidan. Daga nan ya kifa kansa a gwiwa ya yi kuka irin wanda ba a saba ganin Bafillace ya yi a gaban mutane ba. Barau ya juya baya ya shiga kwashe ruwa daga jirginsa. Da suka koma gida, Hammawa ya ci tuwo, ya kwanta, ya yi barci har washegari da azahar.

Goggo ta yi fushi ƙwarai, ta ce Jamilatu ta yi kasada da ran ɗan mutane, ta daɗe ba ta amsa gaisuwarta. Mutanen gari kuma suka rabu, wasu suna ganin tsohuwar ta yi daidai tun farko, wasu suna cewa su ma ƙaryar ta dame su.

Ba za a ce Hammawa ya warke sarai ba. Sabon ƙauyen ya ci gaba da yi masa nauyi, don ko'ina ya duba sai ya ga abin da ya yi kama da na dā amma ba shi ba. Kafin damina ta faɗi suka kwashe kayansu suka koma Ruwan Bago, ƙasar Rogo, wajen dangin Jamilatu, inda bai san ko bishiya ɗaya ba balle ya gwada ta da wata. Aka ba shi aron gona, yana kuma yi wa mutane kiwon shanun noma. Bai sake hawa babbar mota ba. Adama ta shafe shekara biyu ba ta yarda a bar ta da shi ita kaɗai, shi kuma bai taɓa matsa mata ba.

Abin yakan taso masa jefi-jefi, musamman in zazzaɓi ya kama shi, ko in baƙo ya cika yi masa fara'a. Sai ka ga hannunsa ya tafi kan tabon. A irin ranakun nan ba ya zuwa gona. Yakan zauna a garke tsakanin shanu, yana cire musu kaska, har abin ya sake shi. Da wani mai shayi ya kawo bidiyo garin, Hammawa ya canza hanyar da yake bi zuwa masallaci, ya gwammace ya zaga ta bayan gari da ya ji ƙarar injin.

A daminar 1998 maciji ya sare shi yana noman gyaɗa. Aka ɗauko shi a amalanke, kafin a sami motar zuwa Rogo ya cika, yana da shekara arba'in da 'yan kai. An binne shi a Ruwan Bago. Jamilatu ba ta sake aure ba, ita ta riƙe gonar, da 'ya'ya biyu maza da suka haifa a can.